Gaisheka Kurman Jirgi

Gaisheka kurman jirgi, mai ido ba ƙyaftawa. Gaisheka mai shawagi inda shaho bai isa ba, kai da ba ka jin ƙishirwa, ba ka gyangyaɗi, ba ka neman alawus, ba ka da uwar da za ta ɗora hannu a ka in ba ka dawo ba. An ce kana wuni ka kwana a sama ba ka nemi sauka ba. An ce cikin baƙin dare kana hango ɗumin jikin mutum daga nisan da shi ko ƙugin injinka da ƙyar yake ji. Turkiyya ta ƙera ka, Sin ta ƙera ka, Amurka ta riga kowa gwada ka a kan bayin Allah, mu kuma muka ɗebi dukiyar ƙasa muka sayo ka don ka raba mu da 'yan bindiga. Mu mutanen ƙasar Kazaure da 'yan'uwanmu na Babura ba ka taɓa leƙo mu ba, Allah ya sa kada ka leƙo, amma labarin aikinka ya iso mana har gida, kuma yabon gwani ya zama dole.

Wa ya isa ya yi abin da ka yi a Tudun Biri? Ranar Lahadi 3 ga Disamba 2023 da daddare, mutanen wannan ƙauye na ƙaramar hukumar Igabi a jihar Kaduna suka taru Mauludi. Sun gayyato maƙwabta daga ƙauyukan kewaye, mata sun fito, yara sun cika gaba kamar yadda suka saba a kowane taro. Ɗan bindiga in yana son ya kashe mutum tamanin, sai ya tara yaransa, ya sayi mai, ya sayi harsashi, ya yi tafiyar dare, ya shafe awanni yana bin gida gida, wasu ma su haura katanga su tsira. Kai ba ka san wannan wahala ba. Wajen ƙarfe tara ka saki abin da ka saki, kafin mai salati ya kai ƙarshen salatinsa aiki ya kammala. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85. Ƙungiyar Amnesty ta ce sun haura 120. Wani magidanci ya shaida wa BBC Hausa cewa danginsa 34 ne suka tafi a daren. An yi ta tsintar sassan jiki ana haɗawa, aka haƙa manyan ramuka aka jera su, domin garin ba shi da hannun da zai haƙa wa kowa nasa kabarin. Wane Kachallan 'yan bindiga ne ya taɓa irin wannan aika-aika cikin ƙanƙanin lokaci haka, kuma da kuɗin gwamnati?

Abin da ya fi nuna ƙwarewarka shi ne na biyun. Ka san halin mutanenmu sarai. Ka san in abu ya faɗa wa maƙwabci, ba wanda zai zauna a ɗaki. Waɗanda suka gudu suka juyo, waɗanda ke cikin gida suka fito da tocila, wannan yana kiran sunan 'yarsa, wancan yana ciccibar wanda ƙafarsa ta guntule. Ka ba su kamar rabin sa'a su taru sosai. Sannan ka sake saki. Wanda ya tsira da fari saboda yana nesa, tausayinsa ya jawo shi kusa. A gaishe ka da haƙuri, a gaishe ka da iya lissafin lokaci.

Ba mu yi mamaki ba, don barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mun san gidan da ka fito. A kan iyakar Pakistan da Afganistan akwai wata ƙasar duwatsu mai suna Waziristan, inda ƙabilun Pashtun ke zaune, gwamnati tana nesa da su, asibiti yana nesa, ɗan jarida ma ba ya shiga sai da izini. Can kakanninka suka yi karatu. Hukumar leƙen asirin Amurka ta fara aika su a watan Yunin 2004, zamanin Bush, da Obama ya hau sai abin ya zama ruwan dare, har a 2010 kaɗai aka kai hari sama da 100. Can aka ƙirƙiro hikimar nan ta harbi bisa alama: ba sai an san sunan mutum ba, ba sai an san laifinsa ba, in dai tafiyarsa da zamansa da taronsa sun yi kama da na waɗanda ake nema, to ya cancanta. Can aka saba da komawa a sake harbin masu kai ɗauki. Can kuma aka gyara lissafi yadda ba zai ɓata wa kowa rai ba, domin jaridar New York Times ta fallasa a 2012 cewa duk namijin da ya kai munzalin ɗaukar bindiga, in ya mutu a inda aka harba, ana rubuta shi cikin mayaƙa, sai fa in wata hujja ta wanke shi bayan ya riga ya kwanta dama. Da wannan lissafi, ai kuskure ya ƙare a duniya.

Ranar 17 ga Maris 2011 dattawan Datta Khel ta Waziristan suka zauna sulhu a kan rikicin wani ramin ma'adinai, irin zaman da hakimi ke kira in an yi saɓani a kan iyakar gona. Kakanka ya duba ya ga maza masu rawani da gemu sun yi da'ira. Mutum wajen 40 suka tafi. A watan Oktoban 2012 wata tsohuwa mai shekara 68 ta fita gonar gidansu tana tsinkar kuɓewa, jikokinta na kusa da ita, aka tarwatsa ta a gaban idonsu. Shekara guda bayan haka aka kai jikanta ɗan shekara 13 majalisar dokokin Amurka ya ba da shaida, ya ce shi yanzu ba ya son ranar da sama ta yi garau, ya fi son ranar hadari, saboda in gari ya lumshe jiragen ba sa tashi. 'Yan majalisa biyar ne suka zo saurare. A ƙarshen Agustan 2021, Amurka na shirin barin Kabul, aka bi motar wani ma'aikacin agaji wuni guda, aka ga yana loda jarkoki, aka harbe ta a tsakar gidansa. Ruwa ne a jarkokin. Mutum goma suka mutu, bakwai yara. Babban hafsan sojin Amurka ya fara cewa hari ne na gaskiya, daga baya aka ce kuskure ne, daga ƙarshe aka ce ba wanda za a hukunta.

Kada a ce mun tauye wa zuri'arku haƙƙi. Kun kashe Baitullah Mehsud a 2009, kun kashe Hakimullah Mehsud a 2013, manyan shugabannin Taliban na Pakistan. An yi shekara da shekaru ana sare kawuna daga sama. Sakamakon yana nan kowa na gani: Taliban ta koma gadon mulki a Kabul a 2021, ta Pakistan kuwa tana nan tana kai hari. A nan kusa da mu ma, Amurka ta kashe dala miliyan sama da 100 ta gina muku sansani a Agadas, kuka yi shekaru kuna kallon Sahel daga sama, masu iƙirarin jihadi suna ƙara faɗi a ƙasa, har sojojin Nijar suka ce a tattara a tafi, aka tafi a 2024. Magani ke nan mai kyau, wanda ake ƙara sayensa duk lokacin da ciwon ya ƙaru.

Sai kuma kunyarka, wadda ba a cika yabawa ba. Idonka da ya hango 'yan Mauludi a Tudun Biri ido ne mai kawaici, ya san abin da bai kamata ya gani ba. A cikin wannan ƙaramar hukuma ta Igabi, a Afaka, 'yan bindiga suka shiga kwalejin gandun daji a watan Maris na 2021 suka tafi da ɗalibai 39. A watan Agustan shekarar suka shiga makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA kanta, suka kashe hafsa biyu suka ɗauke ɗaya. A Ƙanƙara an kora yara sama da 300 cikin daji da ƙafa a Disambar 2020. A Jangebe an kora 'yan mata 279. Wata uku kacal bayan Tudun Biri, ranar 7 ga Maris 2024, da safe, rana na haskawa, aka shiga makarantar Kuriga a ƙaramar hukumar Chikun aka tasa ƙeyar yara, sai bayan mako biyu da 'yan kwanaki aka dawo da 137 daga can Zamfara. Ayari irin wannan, ƙafafu ɗaruruwa, babura gaba da baya, ƙura na tashi, ya ratsa daji daga jiha zuwa jiha. Bello Turji ya shafe shekaru yana zama a inuwa yana ɗaukar bidiyo, yana aika wa gwamnoni saƙo, kowane yaro mai waya ya san fuskarsa. Duk waɗannan ka sunkuyar da kai, ba ka so ka shiga abin da ba a gayyace ka ba. Na san za a ce ba a harbin ayarin da ke ɗauke da yara, kuma gaskiya ne, Allah ya sa a ci gaba da kiyayewa. Ina ma an tuna da wannan ƙa'ida a daren da yaran suke zaune kan tabarma ba wanda ya sace su.

Yayyenka masu matuƙi su ma ba baya ba ne, sun share maka hanya. Ranar 17 ga Janairu 2017 a Rann, jihar Borno, mutanen da suka gudo wa Boko Haram suna sansani ana hidimar agaji, jirgin yaƙi ya zo ya saki bom biyu. Likitocin MSF sun ce aƙalla mutum 90, jami'an yankin sun ce an binne sama da 200, cikinsu har da ma'aikatan Red Cross shida. Da aka gama bincike, hedkwatar tsaro ta ce ai sansanin ne ba a sa masa alama a taswira ba. Madalla da wannan bayani. Dubban mutane suna zaune a wuri, sojoji ne ma ke gadinsu, amma tunda takarda ba ta san da su ba, su suka jawo wa kansu. A Mutumji ta ƙasar Ɗansadau, Disambar 2022, sama da 60. A Rukubi ta jihar Nasarawa, Janairun 2023, makiyaya sun biya tara sun karɓo shanunsu daga hannun dakarun Binuwai, suna cikin sauke su daga mota aka sakar musu wuta, mutum 39 suka mutu, sai bayan watanni rundunar sama ta amsa cewa ita ce. A Silame ta jihar Sakkwato, ranar 25 ga Disamba 2024, an je neman Lakurawa aka bar gawar mutanen ƙauye aƙalla goma, aka ce ai ba bom ɗin ne ya kashe su ba, makaman 'yan ta'adda ne suka fashe. A Tungar Kara ta Zamfara, Janairun 2025, 'yan sa-kai da mutanen gari suka bi sawun ɓarayi, jirgin da ya zo taimakonsu ya gama da aƙalla 16 daga cikinsu. Kamfanin bincike na SBM da ke Legas ya ƙiyasta cewa daga 2017 zuwa daren Tudun Biri farar hula kimanin 400 suka mutu ta wannan hanya. Aikin ma bai tsaya a kan iyaka ba, don zumunci ba ya sanin iyaka: ranar 18 ga Fabrairu 2022 aka jefa bom a ƙauyen Nachade na jihar Maraɗi, cikin Nijar, gwamnan jihar ya ce yara bakwai suka mutu, iyayensu na wajen wani biki, su kuma suna wasa.

A yaba maka kuma da albarkar da ke bin bayanka. Washegarin Tudun Biri rundunar sama ta yi maza ta ce ba ita ba ce, ba ita kaɗai ke da irin wannan jirgi ba. Sai rundunar ƙasa ta amsa ta bakin kwamandan runduna ta ɗaya, Manjo Janar Valentine Okoro. Shugaba Tinubu yana Dubai wajen taron sauyin yanayi, ya ba da umarnin a yi cikakken bincike. Hedkwatar tsaro ta tunatar da mu cewa 'yan ta'adda kan saje da jama'a. Manya suka yi ta jerin gwano zuwa asibitin Barau Dikko, mataimakin shugaban ƙasa ya zo, sanatoci suka zo, aka yi alkawari, aka ɗauki hoto. A watan Mayun 2024 aka sanar cewa hafsoshi biyu za su gurfana a kotun soja, ba a faɗi sunansu ba, ba a buga rahoton binciken kowa ya karanta ba. Daga baya aka shimfiɗa wa garin titi, aka gina asibiti, aka gina wurin koyon sana'a. Ƙauyen da ke kusa da filin jirgin saman Kaduna, wanda ya yi shekaru ba hanyar kirki, sai da ya binne 'ya'yansa sannan gwamnati ta gano inda yake. Ƙauyuka nawa ne a Gwiwa da Roni suke jiran titi tun zamanin iyayensu? Ashe ba su san farashinsa ba ne.

To, yabo ya isa haka. Ƙarfe ba ya jin yabo, ba ya jin zagi. Jirgin nan ba shi da niyya, ba shi da zunubi. Akwai mutum zaune a cikin ɗaki mai sanyi da allo a gabansa, akwai wanda ya duba ya ce waɗannan 'yan bindiga ne, akwai wanda ya ce a saki, akwai wanda ya ce a ƙara. Da su nake magana, da waɗanda ke sama da su.

Marigayi Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, shugaban rundunar ƙasa a lokacin, ya taka da ƙafarsa har Tudun Biri kwana biyu bayan abin, ya tsaya a gaban mutane ya nemi gafara. Wannan abu ne da ba a saba gani ba, kuma ina yi masa shaida a kai. Bayanin da ya bayar shi ne ya hana ni barci a matsayina na ɗan wannan yanki. Ya ce dakarun sun hango taron mutane, suka fassara motsinsu da cewa irin na 'yan bindiga ne. Wato dai harbi bisa alama, darasin Waziristan, ya iso ƙasar Hausa.

Mai karatu, tsaya ka duba rayuwarmu da idon wannan allo. Ka je wani ƙauye a ƙasar Gwiwa cikin watan Rabi'ul Awwal. Bayan isha'i an tayar da janareto, an ɗaura lasifika a reshen darbejiya, an ja waya an rataya ƙwan fitila biyu ko uku. 'Yan makarantar Islamiyya sun jeru da hijabi iri ɗaya, kowace ta matse takardar da za ta karanta, tana maimaitawa a ranta kada ta manta a gaban iyayenta. Mai shayi ya kafa tebur, mai rake ya jingine kayansa, tsofaffi sun miƙe ƙafa a tabarmar gaba. Baƙi sun zo daga ƙauyuka biyar ko shida, kuma da me suka zo? Da babur. Ga su nan an jera su a gindin bishiya, talatin, arba'in. Daga sama ba a jin salati. Ba a jin muryar yarinyar da ke karanta tarihin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Abin da allo ke nunawa shi ne fararen ɗigo-ɗigo masu yawa a wuri guda cikin dare, a ƙauyen da ba wutar lantarki, da tarin babura a ƙarƙashin itace. Duk alamar da aka koya wa yaron da ke kallon allon ta cika.

Ka zo ranar kasuwa kuma. Kafin alfijir babura sun kama hanya, uku-uku a kan kowane, fuska a naɗe da rawani saboda sanyin hunturu da ƙura, wani da adda a rataye. Ka dubi Fulanin da ke ratsa ƙasar Babura da garkensu, suna gangarowa daga Nijar da rani, su koma in damina ta faɗi, ta hanyoyin da kakanninsu suka bi tun ba a ja layin iyaka ba. Ka dubi 'yan sintirin unguwa da bindigar toka da tocila. Ka dubi 'yan rakiyar amarya da daddare. Ka dubi masu hawa duwatsun Roni da na Kazaure neman itace ko kiwo. Wanne ne a cikinsu bai yi kama da abin da ake nema ba? Ɗan bindiga ai daga cikin irin wannan rayuwa ya fito, babur ɗinsa irin namu ne, rawaninsa irin namu, shanun da yake korawa namu ne ya sace. Daga sama talaka da wanda ke zaluntarsa kamarsu ɗaya. Wanda ke iya bambance su yana ƙasa.

Kuma yana nan, ba a nisa ba. A masarautar Kazaure, kamar kowace masarauta a Arewa, akwai mai unguwa, akwai dagaci, akwai hakimi. Mai unguwa ya san gidan da aka haihu jiya, ya san baƙon da ya kwana a zauren wane, ya san ranar da za a yi Mauludi tun mako biyu kafin ta zo, don da shi aka sa ranar. Akwai ofishin 'yan sanda a kowace ƙaramar hukuma. Taron Mauludi ba a ɓoye yake ba, da lasifika ake shelarsa. Jirgin da zai iya kwana a sama zai iya jira minti goma a buga waya a tambaya. Wannan minti goma shi aka hana mutanen Tudun Biri, kuma ban ga abin da ya hana ba face cewa an san ko an yi kuskure ba wanda zai rasa aikinsa a bainar jama'a.

Kada wani ya ɗauka ina kare 'yan bindiga. Allah ya tsine wa sana'arsu. Mu da muke maƙwabtaka da Katsina mun san abin da suka yi wa Batsari da Safana da Jibiya, mun ga matan da suka gudo da 'ya'ya a goye suna bara a garuruwan da a da su ke aika musu da hatsi. Mun san sojojin da suka mutu a daji, 'ya'yan talakawa ne, wasu ko aure ba su yi ba. Ina son a ci 'yan bindiga da yaƙi fiye da yadda zan iya faɗa, kuma na yarda jirgi yana da amfaninsa in an san wanda ake nema. Amma ku duba yadda aka samu Halilu Sububu, ɗaya daga cikin manyansu, a watan Satumbar 2024: sojoji ne a ƙasa suka yi masa kwanton ɓauna a Zamfara. Irin wannan nasara ba ta samuwa sai an san hanyar da mutum zai bi, kuma masu sanin hanya su ne mutanen ƙauye. Mutumin da ka kashe wa mata da 'ya'ya, sannan ka fito a rediyo ka ce 'yan ta'adda ne suka saje da su, da wane baki za ka koma ka ce ya ba ka labarin sirri? Kowane bom da ya faɗa kan taron biki kyauta ce aka miƙa wa Kachallan da ke gaya wa yaransa cewa gwamnati ba ta ɗauke su mutane ba.

A ƙauyenmu, in maharbi ya hangi motsi a cikin ciyawa ya ɗauka gada ce, ya saki kibiya ta sami mutum, ba a cewa ai kuskure ne a watse. Kowa ya san sunansa. Za a kai shi gaban alƙali, a tambaye shi me ya gani, me ya hana shi tsayawa ya tabbatar. In an gamsu ba da gangan ya yi ba, danginsa su haɗa diyya, shi kuma ya yi kaffara, azumin wata biyu a jere. Hukuncin yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 92, kuma malamai sun ƙayyade diyyar rai ɗaya da raƙuma 100 ko dinari 1,000 na zinariya. Addininmu ya san kuskure, ya kuma ɗora masa nauyi, don kada ya zama al'ada. Gudummawar da manya ke kaiwa asibiti sadaka ce, Allah ya ba da lada, amma sadaka daban, haƙƙi daban. Sadaka sai wanda kyamara ta gani, haƙƙi kuwa na kowane mamaci ne, har na Mutumji da Rukubi da Nachade da ba wanda ya je musu da jerin motoci.

Wannan magana ba ta wasu can ba ce. Lokacin da abin Tudun Biri ya faru, da na Silame, da na Tungar Kara, ɗan Babura ne ke riƙe da ma'aikatar tsaron Najeriya, tsohon gwamnanmu Alhaji Muhammad Badaru Abubakar, wanda ya hau kujerar a watan Agustan 2023 ya sauka a Disambar 2025. Ba shi ya danna komai ba, ban kuma ce shi ya ba da umarni ba. Na kawo wannan ne don mu daina cewa wasu ne daga nesa ke yi mana, su ba su san Mauludi ba. Namu sun zauna a teburin da ake yanke shawara, za su kuma sake zama. Zaman lafiyar da Allah ya ba Jigawa ni'ima ce, amma tsakaninmu da inda wuta ke ci tafiyar 'yan awanni ce a mota, ga kuma iyakar ƙasa a bayan gidanmu. Ranar da wani ya rubuta a rahoto cewa an ga motsin da ba a yarda da shi ba a kan iyakar Babura, jirgin zai zo, kuma zai zo da irin idon da ya je Igabi da shi, sai fa in an canza ƙa'idar aikinsa kafin nan.

Don haka ina kira ga sanatan Jigawa ta Arewa maso Yamma, da ɗan majalisar Kazaure, Roni, Gwiwa da 'Yankwashi, da na Babura da Garki. Ku tashi a zauren majalisa ku nemi a buga rahoton binciken Tudun Biri kowa ya karanta, a faɗi yadda shari'ar hafsoshin nan biyu ta ƙare, a rubuta sunan kowane mamaci da shekarunsa. Ku kawo dokar da za ta wajabta diyya ga duk farar hular da makamin gwamnati ya kashe, da adadi sananne, ba sai an roƙa ba. Ku sa a rubuta cikin ƙa'idar aiki cewa ba a harbin taron jama'a a cikin gari sai wani da ke ƙasa ya tabbatar da ko su wane ne, kuma ba a komawa kan masu kai ɗauki. Ina roƙon iyayenmu sarakuna, na Kazaure da na Ringim, su sa baki, domin maganarsu tana isa inda tamu ba ta isa, kuma talakawan da ake magana a kansu nasu ne.

Kai kuma mai karatu, ɗan takara zai zo ƙofar gidanka kafin zaɓe, da shinkafa da atamfa. Ka karɓe shi da mutunci, ka ba shi ruwa, sannan ka tambaye shi a gaban jama'a abin da ya ce a majalisa game da mutum 85 da aka binne a Tudun Biri.